Teburin hokin ƙanƙara da na saya wa Ummi a gwanjo

Akwatin wasa ne na roba, tsawonsa bai kai mita ɗaya ba, faɗinsa kamar rabin haka. Samansa fari ne, an ja masa layuka ja da shuɗi irin na filin hokin ƙanƙara, wasan da ake buga ƙwallo da sanduna a kan daskararren ruwa, ga raga biyu, ga 'yan wasa goma sha biyu, shida masu jar riga, shida masu shuɗiya. Kowane ɗan wasa da tsinken ƙarfensa da ya leƙo ta ƙarshen akwatin. Ka tura ya yi gaba, ka ja ya dawo, ka murza ya juya da sandarsa ya bugi ƙwallo. Ba ya cin batir, ba ruwansa da wutar lantarki. Na gwanjo ne, a wani shagon tsofaffin kayan yara 'yan Beljiyam na same shi, wajajen Sabon Gari a Kano. Mai shagon ya sa masa Naira dubu 25, muka daidaita a dubu 18. Tun daminar da ta wuce yake gidana, a wani ƙauye kusa da Gumel, kuma a ganina ya ci kuɗinsa, muddin mai saye ya san abin da yake nema a jikinsa.

Mai shagon bai ma san sunan abin ba. Keken koyon tafiya na je nema wa ƙanin Ummi, sai na hango shi jingine a bayan tarin kekuna, ƙura ta lulluɓe shi. Da na tambaya ya ce, "Yallaɓai, ƙwallon tebur ce ta Turawa, sai dai 'yan wasan sanduna ne a hannunsu, shi ya sa har yau ba wanda ya taya." Ya kyauta min ƙwarai da ya bar ni na zauna a bencinsa na gwada tsinkayen ɗaya bayan ɗaya bai ƙosa ba, sannan ya sa yaronsa ya naɗe min shi da kwali da igiya don kada ya fashe a but ɗin motar Gumel. Inda ban ji daɗi ba shi ne cewa da ya yi komai na ciki cikakke ne, alhali ƙwallo ɗaya ce tak, gurbin ajiye su kuwa na uku ne, kuma gilashin robar da ke tare ƙwallo a bayan raga ɗaya ya tsage. Ban ce da gangan ya yi ba. Wanda bai san wasa ba, ba zai san abin da ya ɓace a cikinsa ba.

Dole in faɗi yadda aka yi mutumin Jigawa ya kamu da son wasan ƙanƙara, don ita ce tambayar da kowa ke fara yi min. Karatun likitan dabbobi na yi a Kazan, babban birnin Tatarstan a ƙasar Rasha. Gari ne mai Musulmi da yawa, ga masallacin Kul Sharif a cikin tsohuwar ganuwar birnin. A 2008 na sauka can, shekarar da aka kafa KHL, babbar gasar hoki ta Rasha, kuma ƙungiyar garin, Ak Bars, ita ta ɗauki kofin gasar, wato Kofin Gagarin, na farko a 2009, ta sake ɗauka a 2010. Wani ɗan ajinmu Batatare da muke haɗuwa a masallacin Juma'a shi ya ja ni zuwa Tatneft Arena, filin wasan ƙungiyar. Cin ƙwallo bai dame ni ba a ranar. Ƙarar takalman nan masu kaifin ƙarfe a ƙasa ce ta kama ni, yadda suke kankare ƙanƙara idan ɗan wasa ya ci birki, da kuma yadda ake canjin 'yan wasa ba a tsayar da wasa ba. Mutum ya yi gudu iya ƙarfinsa na ƙasa da minti ɗaya, ya dawo benci, wani ya haura katanga ya maye gurbinsa, ƙwallo na can tana yawo. Tun daga daren nan abin ya shiga raina.

Da na dawo gida sai ya zama ba ni da abokin wannan hira. Aikina shanu ne da tumaki, ranar Alhamis ina kasuwar Maigatari, sauran kwanaki ina zagaya rugage a kan babur. A gidan kallon ƙwallo na ƙauyenmu musun Barcelona da Real Madrid ake yi, sai Arsenal da Manchester United, wani lokaci a taɓo Kano Pillars. Wasannin NHL, babbar gasar Amurka da Kanada mai ƙungiyoyi 32, in an fara su ƙarfe bakwai na dare a Toronto, a nan sha biyu ne ko ɗayan dare, wanda kuwa zai yi sammakon ruga ba zai iya wannan ba. Sai dai in caja waya da sola, bayan sallar isha'i in kalli taƙaitattun wasannin jiya a YouTube. A haka Ummi ta fara leƙowa ta bayan kafaɗata. Shekararta shida yanzu. Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa ba mai kiran sunanta na yanka a gidan.

Tambayarta ta farko ita ce, "Abba, ina suka sami ƙanƙara mai yawa haka, kuma ba ta narkewa?" Yarinyar da ƙanƙarar da ta sani ita ce wadda ake sayowa daga Gumel a buhu da azumi, ai dole ta tambaya. Na yi mata bayanin bututun da aka shimfiɗa a ƙarƙashin daɓen, da ruwan sanyi da ke zagayawa a cikinsu, da cewa kaurin ƙanƙarar kusan santimita uku ne kawai. Ta gane wannan. Wasan kansa ne ya ƙi shiga kanta ta waya. Fuskar waya ƙarama ce, ƙwallon hoki kuma faifan baƙar roba ne mai faɗin santimita 7.6 da kaurin 2.5, wanda ko babba sai ya saba kafin idonsa ya iya bin sa. Takan kalli minti biyu ta ce, "Ni ban ga ƙwallon ba," ta tafi wajen mamanta. Na yi ta ba ta labari, amma gani ya kori ji, kuma abin da nake nuna mata ba ya ganuwa.

A nan teburin ya yi aikin da waya ta kasa. An jera 'yan wasansa daidai yadda ake jera su a fili: mai tsaron gida, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Kowanne yana da tsagar da yake bi, ba ya iya fita daga cikinta. Da farko na ɗauka wannan tawaya ce, tunda a wasan gaske kowa na zuwa ko'ina. Da muka fara bugawa sai na ga ga yaro alheri ne. Ɗan wasan da ba zai iya bin ƙwallo duk inda ta je ba, dole ya miƙa wa ɗan'uwansa. Yaran unguwarmu in suna ƙwallon ƙafa a fili, duk inda ƙwallo ta yi nan kowa ke rugawa, mai tsaron gida ma sai ya baro ragarsa. A teburin nan ba hali. Cikin 'yan makonni Ummi ta daina bugun kan-mai-uwa-da-wabi, ta fara tsayar da ƙwallo da ɗan bayanta, ta ɗaga kai ta duba ina ɗan gefe yake, sannan ta tura. Ranar da na ga ta yi haka da kanta ba wanda ya ce mata, wallahi sai da na ji ƙwalla ta taru min.

Wani abin da ya sa na yaba wa wanda ya ƙera shi, bai manta da bayan raga ba. A hoki ragar ba a ƙarshen fili take ba, akwai sarari a bayanta kuma wasa na ci gaba a can. Tsagar ɗaya daga cikin 'yan gefe tana lanƙwasawa ta zagaya har bayan ragar abokin hamayya, daga nan sai ya turo ƙwallo gaba, ɗan tsakiya ya zura. Wayne Gretzky, shahararren ɗan wasan Kanada mai lamba 99, a wannan lungun ya fi yin ɓarna, har masu sharhi suka riƙa kiran wurin ofishinsa. Ya bar wasa da maki 2,857 a NHL, wato ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya miƙa aka ci. Waɗanda ya ci da kansa 894 ne, tarihin da ya tsaya har 6 ga Afrilu 2025 da Alexander Ovechkin na Washington Capitals ya ci ta 895. Abin da na fi riƙewa a tarihin Gretzky shi ne mahaifinsa, Walter, wanda yakan malala ruwa a bayan gidansu da ke Brantford lokacin hunturu, ya daskare, ya koyar da ɗansa a kai. Ni ba ni da hunturun da zai daskarar min da tsakar gida, ko a tsakiyar Janairu da sanyin Gumel ke fasa leɓe. Akwatin nan nake da shi, kuma da shi na nuna wa 'yata wannan dabara ta bayan raga. Yanzu ita ce makaminta.

Shi kansa irin wannan wasan tebur, uba ne ya fara haɗa shi don 'ya'yansa. A 1932, lokacin tsananin matsin tattalin arziki, wani mutumin Toronto mai suna Donald Munro ya rasa kuɗin saya wa yaransa kyautar Kirsimeti, sai ya tattara guntayen katako da waya ya haɗa musu. Nasa bai yi kama da na yanzu sosai ba. Mai tsinkayen da aka fi sani a yau shi ne na kamfanin Stiga na ƙasar Siwidin, wanda ya fara ƙera shi a 1957, kuma a kansa ake buga gasar duniya ta manya, kowane wasa minti biyar. Nawa ba nasu ba ne, tambarin jikinsa ya goge har ba ya karantuwa, don haka duk aibin da zan faɗa a ƙasa na wannan da ke hannuna ne kawai.

Ga iyaye, gaskiyar magana ita ce yaro ɗan shekara biyar ko shida ba zai iya da tsinkaye shida a lokaci guda tun farko ba. In ka miƙa masa duka, zai rikice, a zura masa ƙwallaye, ya yi fushi ya tashi. Yadda muka yi, na ɗora ta a cinyata na ba ta mai tsaron gida kaɗai, ni ina riƙe da sauran, ƙanina kuma, Baffanta, yana ɗaya ɓangaren. Duk ƙwallon da ta tare sai Baffa ya riƙe kai ya ce, "Kai, wannan gola ta gagare ni!" Da hannunta ya faɗa na ƙara mata ɗan tsakiya, daga baya 'yan baya. Yanzu ita kaɗai take zama a ɓangarenta, ni a nawa. Ba na barin ta ci ni da gangan, don tana ganewa kuma ba ta so. Abin da nake yi, ina zare ɗan wasana ɗaya ko biyu daga kan ƙusarsu tun kafin a fara, tunda zaruwa suke.

Wannan zaruwar ta yi min wani amfanin da ban zata ba. A hoki, wanda ya yi laifi, kamar ya sa wa wani sanda a ƙafa, alƙalin wasa kan tura shi bencin horo na minti biyu, ƙungiyarsa ta ci gaba da mutum huɗu a gaban biyar. Mu ma haka muke yi. Wanda ya girgiza teburi ko ya sa yatsa ya taɓa ƙwallo, a zare masa ɗan wasa ɗaya a ajiye a gefe, Maman Ummi ta duba agogo. Sannan muna raba wasa kashi uku kamar na gaske, sai dai maimakon minti ashirin-ashirin, namu uku-uku ne. Da ta koma kallon waya bayan wannan, sai ga ta tana ƙirga riguna a fili tana cewa, "Abba, jajaye huɗu ne, an kori ɗaya." Har yanzu ba kullum take ganin ƙwallon ba, amma ta san inda za ta nema.

Abin da teburin ba zai koyar ba ma yana da yawa, kada a ruɗi kowa. Babu gudun kan ƙanƙara, wanda shi ne rabin wasan. Babu canjin 'yan wasa, babu bangaza da kafaɗa, kuma shuɗayen layukan nan, da ake gane satar gida da su a wasan gaske, ado ne kawai a jikinsa, don ba yadda za a yi satar gida a tsagar da ba ta motsi.

Babban abokin gabarsa a ƙasarmu ƙura ce. Da hunturu ya shigo, ƙwallon ta daina sulɓi, tsinkayen suka fara cijewa, musamman wajen murzawa. A ƙarƙashin kowane ɗan wasa akwai 'yan haƙoran roba biyu da ke cin juna, su ke mayar da murzawar hannu ta zama juyawar sanda, yashi kuma in ya shiga tsakaninsu cinye su yake. Na kai wa mai gyaran rediyo na bakin kasuwarmu, ya kwance notin ƙasa ya duba, ya ce, "Likita, kada ka kuskura ka ɗiga masa man keke, mai ne ke kiran ƙura. Tsohon burushin haƙori da busasshen ƙyalle sun ishe ka." Haka nake yi duk mako, kuma ya saki. Goge saman kuwa aikin Ummi ne, da kanta ta karɓa. A bidiyo ta ga motar nan da ke shiga fili tsakanin kashi da kashi tana kankare ƙanƙara tana malala sabon ruwa, wadda Frank Zamboni ya ƙirƙiro a Kalifoniya a 1949, kuma ba abin da ya burge ta a hoki kamar motar. Saboda haka duk ƙarshen kashi sai ta ɗauko ɗan ƙyallenta mai laima ta bi filin layi-layi tana kukan inji da baki, ba mai taɓa tsinke sai ta gama.

Zafi ma abin tsoro ne. Farin saman siririyar roba ce, in aka bar shi a rana ko a ɗakin kwano mara silin a watan Afrilu zai kumbura, ƙwallo ta riƙa gangarewa gefe guda. A kwance nake ajiye shi ƙarƙashin gado, a lulluɓe da tsohon zani, ba a jingine ba. Tsinkayen kuma sirara ne. Yaran maƙwabta sun taru a zaure wata Juma'a, wani babba a cikinsu ya jawo tsinken ɗan baya har ƙarshe ya danna da gwiwar hannu, ya lanƙwashe. Mun miƙe shi, amma har yau yana ɗan tirjewa. Ban hana su zuwa ba, don ina son Ummi ta sami abokan bugawa, sai dai yanzu ba a fito da shi sai da babba a wurin, kuma sai an taso daga Islamiyya. Ana kiran magariba ake rufewa.

Sai ƙwallon, wadda ita ce na fi so iyaye su kula da ita. Ba ta wuce girman maɓallin kwat ba, ƙanin Ummi kuwa yana rarrafe, duk abin da ya tsinta baki yake kai wa. A cikin gwangwani mai murfi take kwana, a saman kabad. Da yake guda ce, na nemi ta ajiya. Mai faci ya yanko min daga tsohuwar taya, ta yi kyau a ido amma roba a kan roba ba ta tafiya, kamawa take. Wadda ta yi aiki ita ce ta wajen tela: manyan maɓallai biyu masu santsi, aka manne su da gam fuska da fuska. Ta ɗan fi ta asali rashin nauyi, takan yi tsalle ta fita ta wajen gilashin da ya tsage, amma ana wasa da ita lafiya.

Hajiya, mahaifiyata, ta nuna damuwa da farko kan 'yan mutum-mutumin, ta ce a tambaya kafin a bar su su kwana a gida. Na tambayi limaminmu, ya ce kayan wasan yara ne, ya kawo hadisin Nana A'isha da 'yan tsanarta. Hankalinta ya kwanta. Yanzu takan ja tabarma ta zauna kusa tana cewa, "Takwara, kada ki bar shi ya ci ki."

Wata rana Ummi ta ɗaga ɗaya daga cikin 'yan wasan ta juya shi, ta ce duk fararen fata ne, kuma duk maza. Na ji daɗin samun amsar da ba sai na ƙirƙira ba. Mutum na farko haifaffen Nijeriya da ya buga NHL, Rumun Ndur, a Zariya aka haife shi a 1975, ya girma a Kanada, ya buga wa Buffalo Sabres da New York Rangers da Atlanta Thrashers. Jarome Iginla, wanda mahaifinsa Bayarabe ne daga Nijeriya, ya yi shekaru yana kyaftin ɗin Calgary Flames, ya ci ƙwallaye 625, ya ɗauki zinaren Olamfik da Kanada a 2002 da 2010, kuma shi ya miƙa wa Sidney Crosby ƙwallon da ta kawo musu zinaren 2010 a Vancouver. Mata kuwa suna bugawa a Olamfik tun 1998 a Nagano. Na nuna mata Sarah Nurse, baƙar fata 'yar Kanada, wadda ta ɗauki zinare a Beijing a 2022. Ko a nahiyarmu, 'yan Kenya na da ƙungiya, Ice Lions, suna atisaye a filin ƙanƙarar otal ɗin Panari da ke Nairobi. Washegari ta ari alƙalamin zanen yayarta 'yar Baffa ta shafe fuskar ɗan tsakiyarta da ruwan ƙasa, ta ce daga yau mace ce, kuma 'yar Zariya ce. Ban hana ta ba.

Wanda yake neman abin da zai miƙa wa yaro ya tafi harkarsa, kada ya sayi wannan. Mutum biyu yake buƙata, kuma a watannin farko ɗayan dole babba ne mai haƙuri. Gidan da yara suka yi yawa ba mai tsawatarwa, ba zai yi wata guda ba. Amma uba ko uwa da ke da rabin awa bayan la'asar, ko da ba su taɓa jin sunan hoki ba, za su iya koyonsa tare da yaron a zama ɗaya, kuma ba data ba caji. In ka ci karo da irinsa a gwanjo, ka juya shi ka duba ƙasansa ko ya tsage, ka murza kowane tsinke ka tabbatar ɗan wasan na juyawa cikakken zagaye ba ya tsallake, ka kara idonka daidai da saman ka ga ko ya kumbura, sannan ka ƙirga 'yan wasa da ƙwallaye a gaban mai shago. Ɗan wasa ko raga in sun ɓace ana iya dabara, haƙoran ƙasa in sun cinye ba inda za ka same su a Kano. Na ɗan bayana na hagu sun fara sulɓewa, shi ya sa na bar wa mai shagon saƙo cewa duk ranar da wani ya faɗo a cikin dila, ko a farfashe yake, ya ajiye min zan saya don kayan gyara.